Daga Houston zuwa Denver da motar Tacoma da tirelar haya: yadda lodi ya kusa kifar da mota

Wanda ya saba da hanyoyinmu, in aka ce tirela, doguwar motar nan mai ɗaukar siminti ko shanu zuwa Legas ce za ta faɗo masa a rai. A Amurka kalmar ta haɗa har da ƙaramin akwatin ƙarfe mai tayoyi, marar inji, wanda ake ɗaurawa a bayan motar gida. Mai ƙaura daga wata jiha zuwa wata yakan yi hayarsa a wannan gari, ya loda kayan ɗakinsa, ya ja da kansa, ya miƙa shi a reshen kamfanin da ke garin da ya sauka. U-Haul, wanda aka kafa a 1945, shi ya fi suna a wannan harka. Lasisin tuƙi na yau da kullum ya wadatar, don sai nauyin mota da tirela ya kai laba 26,001 ake fara maganar lasisin manyan motoci. Wannan sauƙin ne ke sa mutumin da bai taɓa jan ko amalanke ba ya tsinci kansa da tan biyu a bayansa a kan babbar hanya.

Lamarin da za a duba a nan na iyali ne mai mutum huɗu da ke tashi daga Houston a Texas, garin da 'yan Najeriya ke da yawa, zuwa Denver a Colorado. Alƙaluman tirela da na hanya na ainihi ne. Nauyin mutanen da na kayansu kuwa an ɗauka ne a matsayin misali, domin lissafin ya fito fili. Laba ɗaya ta ɗan gaza rabin kilo.

Motar a-kori-kura ce, Toyota Tacoma mai ƙofa huɗu da inji V6, daga cikin waɗanda aka ƙera tsakanin 2016 da 2023, da kayan ja na kamfani. A girma da aiki ta yi kama da Hilux da muka sani. Toyota ta ce irin wannan za ta ja laba 6,400. Tirelar kuwa rufaffiya ce mai ƙafa 6 a faɗi da 12 a tsawo, mafi girma a cikin rufaffun tirelolin U-Haul. Tana da tayoyi huɗu. Nauyinta ba kaya laba 1,920, kayan da aka yarda a zuba mata 2,480, jimilla 4,400, wato dab da kilo 2,000. Maigidan ya kalli 6,400, ya kalli 4,400, ya ga ragowar laba 2,000, hankalinsa ya kwanta. Daga nan kuskuren ya soma.

Lambar da ba a duba ba

Ƙarfin ja lamba ce guda cikin lambobi da yawa, kuma a ƙananan a-kori-kura ba kasafai ita ke fara cika ba. Ana samun ta ne ta hanyar gwajin da masu ƙera motoci suka amince da shi, mai suna SAE J2807, wanda ya haɗa da hawan wani dogon tudu kusa da madatsar ruwa ta Davis a Arizona cikin tsananin zafi da na'urar sanyaya mota a kunne. Gwaji ne mai wuya, amma a cikin motar an ƙaddara mutum biyu ne kawai, kowanne laba 150, bodin baya kuma wayam. Babu yara, babu katan-katan.

Lambar da ta fi matse mai ƙaura tana jikin ginshiƙin ƙofar direba. In an buɗe ƙofar za a ga takarda mai rawaya da fari da ke faɗin jimillar nauyin mutane da kaya da motar za ta ɗauka. Kusa da ita akwai wata mai haruffan GVWR, wato iyakar nauyin motar gaba ɗaya a kan tayoyinta huɗu, da GAWR, iyakar kowane aksil, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyin gaba ko na baya. A wannan Tacoma iyakar gaba ɗaya 5,600 ce. A ce takardar ta nuna 1,050, wanda ke nufin motar ita kaɗai da cikakken tanki ta kai 4,550.

Abin da mutane ke mantawa shi ne wuyan tirela yana danna bayan mota, kuma wannan dannawar kaya ce kamar buhun shinkafa a bodi. Ƙa'idar da aka saba ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirela ya sauka a kan ƙwallon ja, wato dunƙulen ƙarfen bayan mota da bakin tirela ke kamawa. Tirelar nan da aka gama lodi ta kai 4,200, wuyanta ya ɗauki wajen 550. Mutum huɗu, manya biyu da yara biyu, 470. A bodin motar an zuba akwatin kayan aiki, katan huɗu na littattafai, kula cike da ƙanƙara da ruwan roba, wajen 400. A tara: 1,420 a kan motar da aka yanka wa 1,050. An zarce da 370, alhali ƙarfin ja ko kusa ba a kai iyakarsa ba.

Motar ta nuna alama tun a ƙofar gida. Bayanta ya zauna, gabanta ya ɗaga, tazarar da ke tsakanin tayar baya da bodi ta ragu sosai. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ƙwallon ja yana bayan aksil ɗin baya, don haka duk abin da ya danna shi yana ɗaga gaban motar kamar yadda mai nauyi ke ɗaga ɗan'uwansa a lilon katako. Tayoyin gaba su ne na sitiyari, su ne kuma ke yin mafi yawan aikin birki. In sun yi sakayau, sitiyari ya yi sako-sako, fitilu kuma su haske idon masu zuwa maimakon kwalta.

Gyaran gangar Auzinawa

Da maigidan ya ga mota ta durƙusa, sai ya buɗe tirela ya janyo injin wanki, da firji ƙarami, da katan-katan na kwanuka daga gaba ya mai da su bakin ƙofar baya. Nan take motar ta miƙe, ta yi kyan gani. Ido ya gamsu, amma nauyin wuyan ya faɗo zuwa wajen 250, kashi 6 cikin 100 ke nan. Wannan shi ne kuskure mafi haɗari a duk harkar jan tirela, kuma abin takaicin shi ne mai hankali ne ke yin sa, wanda ya lura da matsala ya nemi magance ta.

Tirela tana juyawa ne a kan ƙwallo guda. Muddin cibiyar nauyinta na gaban tayoyinta, in wani abu ya ture ta gefe, tayoyin za su dawo da ita bayan mota, girgizar ta mutu da kanta. In nauyin ya taru a bayan tayoyin, sai ya zama kamar dutse a bakin majajjawa: ya tafi hagu ya wuce tsakiya, ya dawo dama da ƙarfin da ya fi na farko, yana fizgar bayan motar tare da shi. Kowace mota da tirelarta suna da wani gudu wanda ƙasa da shi tangaɗi ke lafawa, sama da shi kuma yake ƙaruwa. Mayar da nauyi baya yana sauko da wannan gudun. Shi ya sa a jikin tirelolin U-Haul aka rubuta cewa kashi 60 cikin 100 na nauyin kaya ya kasance a rabin gaba, kuma kada a wuce mil 55 a awa, wajen kilomita 88.

Ranar farko ba a ga komai ba. Daga Houston zuwa Dallas a kan I-45 mil 240 ne, cunkoso ya hana gudu, itatuwa sun tare iska. An kwana a Wichita Falls. Washegari aka ci gaba a kan US-287 zuwa Amarillo, hanyar da ke ratsa Vernon da Childress da Clarendon, fili fetal, iyakar gudu mil 75 a wurare da yawa, iska kuma tana bugowa daga gefe ba abin da ya tare ta. Gefen tirela mai tsawon ƙafa 12 ba shi da bambanci da bango a wajen iska. Direba ya saki jiki ya kai 70. Babbar motar kaya ta zo wucewa ta hagu. Iskar da ke gabanta ta fara ture bayan tirelar zuwa dama, da ta gota kuma ta zuƙo shi hagu. Tirela ta kaɗa sau ɗaya, ta sake kaɗawa fiye da na farko.

A irin wannan lokacin ƙafa birki take nema, hannu kuma yana so ya murɗa sitiyari ya gyara. Duka biyun ƙara wuta suke yi. In an taka birki da ƙarfi, mota na rage gudu, tirelar da ta riga ta karkace tana tunkuɗo ta daga gefe, sai su naɗe kamar wuƙar aljihu. Murɗa sitiyari kuwa kullum a makare yake zuwa, ya dace da lokacin da tirelar ta juyo, ya ƙara mata ƙarfi. Akwai kuma masu cewa a ƙara totur don a miƙar da tirela. Gudu ne ya haifi matsalar, ba zai zama maganinta ba. Abin yi shi ne a ɗage ƙafa daga totur, a riƙe sitiyari a miƙe da hannu biyu, a bar gudun ya sauka da kansa. Haka direban ya yi, na'urar daidaita mota ta Tacoma, wadda ke taɓa birkin tayoyi ɗaiɗai in ta ji tirela na tangaɗi, ta taimaka, kuma kafin gudu ya sauko 50 abin ya lafa.

Akwai wani abu game da birkin wannan tirela da ya kamata a sani tun kafin a tashi. Ba na lantarki ba ne. Birki ne na mai da ke aiki da tunkuɗa: in mota ta rage gudu, wuyan tirela ya matsu a kan ƙwallo, wannan matsin ne ke tura man birki zuwa tayoyin. Amfaninsa shi ne ba a buƙatar haɗa wata na'ura a cikin mota, abin da ya dace da kayan haya. Illarsa ita ce direba ba shi da hanyar kama birkin tirela shi kaɗai. Mai birkin lantarki yana iya matsa ɗan maɓalli a gabansa tirela ta ja baya ta miƙe. Mai tirelar haya ba shi da wannan mafita, kariyarsa lodi ce da gudu kawai.

A kan sikeli

Ido ba ya auna nauyi. A manyan tashoshin da direbobin manyan motoci ke shan mai akwai sikelin kamfanin CAT, kuma ƙananan motoci ma ana auna su, kuɗin ba shi da yawa. Sikelin faranti uku ne a jere. Ana tsayar da tayoyin gaba a na farko, na baya a na biyu, tayoyin tirela a na uku, kowa yana zaune a mazauninsa. Sai a je gefe a kwance tirela, a sa mata waigi a tayoyi, a dawo a auna motar ita kaɗai. Bambancin nauyin motar a awo na farko da na biyu shi ne nauyin wuya. A nan awo na farko ya ba da 5,670 a kan tayoyin mota, 3,950 a kan na tirela. Na biyu ya ba da 5,420. Wuya 250, tirela gaba ɗaya 4,200. Wato bayan duk wahalar jan kaya baya, motar ba ta ma sauko ƙasa da iyakarta ta 5,600 ba.

Gyaran gaskiya ya ci awa biyu a filin ajiye motoci. An sauke rabin kayan. Injin wanki, firji da katan-katan masu nauyi suka koma gaba, a ƙasa, daga saman tayoyi zuwa bangon gaba, an raba su daidai tsakanin hagu da dama. Katifu, kujeru da jakunkunan tufafi suka koma baya da sama. An ɗaure kowane sashe da igiyar lodi mai ƙugiya a maɗauran da ke jikin bango, don kayan da ba a ɗaure ba suna zamewa baya a kowane hawa, su ɓata lodin da aka yi daidai da safe. Daga bodin mota aka kwashe littattafai, laba 200, zuwa tirela, ta cika 4,400 cif, wuyanta wajen 450. Yanzu lissafin mota: 4,550 da 470 da 450, ya kama 5,470. Saura 130 kacal ga bodi, kuma abin da ya rage a cikinsa 200 ne. Aka zubar da ƙanƙara, aka rage ruwan roba, don ba a rasa wurin sayen ruwa a hanya.

Lodin ya shiga ƙa'ida, amma da ƙyar, ba sarari ko kaɗan. Da tun a Houston aka yi wannan lissafi, da an ga cewa iyali mai mutum huɗu da tirela 6 a 12 cike sun yi wa irin wannan mota yawa. Mafita mai sauƙi ita ce uwargida da yara su bi wata mota ko jirgi, ko a sayar da injin wanki da firji, waɗanda sau da yawa kuɗin jigilarsu da haɗarinsu sun fi darajarsu.

Tun da an kwance an sake ɗaurawa, aka bi haɗin daki-daki. Ƙwallon inci 2 ne, an buga iyakar nauyinsa a kansa, kuma mariƙinsa da bututun da yake shiga kowanne da tasa lambar. Mafi ƙanƙanta a cikinsu ita ce iyakar duka. Bakin tirela ya zauna a kan ƙwallon sosai, a ɗaure shi, sannan a gwada ɗaga wuyan a ga ko zai fita. A tirelolin da ake ɗaurewa da ɗan gargare na hannu, yakan saki kaɗan da tafiya, don haka a duk tsayawa sai an sake murɗa shi. Sarƙoƙi biyu ana gicciya su ne a ƙarƙashin wuya, ta hagu ta kama dama, ta dama ta kama hagu, don in bakin ya kuɓuce ya faɗa a kansu maimakon ya soki kwalta. A bar musu sakin da za a iya shan kwana, amma kada su ja ƙasa. Sarƙa ta uku, siririya, ta birkin gaggawa ce. Wayar fitila mai baki huɗu ce: fara ta ƙasa, wato wadda ake haɗawa da ƙarfen jikin tirela, ruwan ƙasa ta fitilun dare, rawaya ta sigina da birkin hagu, koriya ta dama. In fitilu suna yin abin da ba a sa su ba, kamar duka su riƙa ƙiftawa tare, a fara zargin farar. Tirela kuma ta tsaya daidai, ba hanci sama ba, ba hanci ƙasa ba. A mai tayoyi huɗu karkacewa na ɗora wa aksil ɗaya nauyin biyu, tayoyinsa su yi zafi.

Mai da lokaci

A mil 55 tafiyar mil dubu da 'yan kai tana cin wajen awa 19 na tuƙi zalla, kwana uku ke nan ga mai yara. Tankin Tacoma galan 21 ne. Da rufaffiyar tirela a baya, gara a yi lissafi da mil 12 a galan, kusan rabin abin da take yi ita kaɗai, wato galan 85 zuwa 90 a tafiyar duka. A sha mai duk mil 180, kuma a cika tanki a Dalhart ko Clayton, don daga Clayton zuwa Raton a New Mexico sama da mil 80 ne ba wani babban gari. A kowane tsayawa a kai bayan hannu kusa da cibiyar kowace tayar tirela. Ɗumi ba komai ba ne. Wadda ta fi 'yan'uwanta zafi nesa ba kusa ba, ko boris ne ke ci ko birki ne ya kama, kuma wannan aikin layin taimakon kamfanin haya ne, ba na direba ba. Da dare a ja tirela da baya har ƙofarta ta kusa taɓa bango, a sa kwaɗo.

Raton

Houston kusan daidai take da teku. Amarillo ta haura ƙafa 3,600. Mashigin Raton a kan I-25, a iyakar New Mexico da Colorado, ƙafa 7,834 ne. Injin da ba shi da turbo, na'urar da ke cusa masa iska, yana rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000, saboda iska ta yi sirara, don haka a saman mashigin fiye da kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin V6 ɗin ya tafi. Kamfanin Ford yana ba masu motocinsa shawarar rage kashi 2 cikin 100 na jimillar nauyin mota da tirela a kowace ƙafa 1,000. In aka ari wannan ma'auni aka ɗora wa Tacoma, wadda jimillarta ke wajen 11,300, za ta sauko wajen 9,500 a Raton. Iyalin nan da tirelarsu 9,550 suke. Ragowar laba 2,000 da aka gani a Houston ta ƙare a nan.

A hawa, a fitar da giya daga D a sa ta S, a riƙe ta huɗu ko ta uku, don giyabos da ke ta canjawa sama da ƙasa shi ke dafa mansa. Inji zai yi ƙara, haka aka gina shi. A tsaya a layin dama, ido a kan allurar zafi. In ta fara hawa, a kashe na'urar sanyi, in ba ta sauko ba a tsaya a bar inji yana aiki har ya huce.

Gangara zuwa garin Trinidad na Colorado ta fi hawan haɗari. Tirela tana turo mota, wanda ke sa tangaɗi ya fi saurin tashi, don haka ana rage gudu ne tun a saman tudu, a sa giyar da aka hau da ita. In gudun ya ƙaru, a taka birki sosai na 'yan daƙiƙu har ya ragu da mil 5 zuwa 10, a sake shi ya sha iska. Ɗora ƙafa a kai tun daga sama har ƙasa yana ƙona shi, man birki ya tafasa, feda ta yi laushi. Birkin tirelar ma, da yake tunkuɗa ke kama shi, yana iya ɗan gogawa a duk tsawon gangarar ko da direba bai taka komai ba, don haka a Trinidad a tsaya a sake duba cibiyoyin tayoyin. Bayan Pueblo da Colorado Springs akwai sauran tudun Monument, ƙafa 7,352, inda dusar ƙanƙara kan sauka tun daga kaka har bazara, sannan a gangara Denver a ƙafa 5,280. In hasashen yanayi ya nuna ƙanƙara a can, a kwana a Pueblo, a kira kamfanin haya a ƙara kwana ɗaya a kan yarjejeniyar.